Wai Fili Ba Ya Faɗuwa?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun samari a 'yan shekarun nan, tun daga Kano da Zariya har zuwa Kaduna da Sakkwato, wai "fili ba ya faɗuwa." Dillalai ne suka fi yayata ta, samari kuma suka karɓe ta hannu bibbiyu, suna maimaita ta kamar karatun allo. Duk wanda Allah Ya hore wa ɗan abin hannu, ko gado ya faɗo masa, ko ya tara ta hanyar ɗinki ko kabu-kabu ko tsaron shago, shawarar farko da za a ba shi ita ce ya je bayan gari ya kama fuloti ya koma ya kwanta, bayan shekara biyu kuɗinsa sun ninka. In ya yi gardama sai a kawo masa labarin wane, wanda ya saya miliyan 2 ya sayar miliyan 4 ba tare da ya ɗora ko bulo guda ba.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma wannan ƙamshin ne ya sa take da haɗari. Ƙarya tsagwaronta ba ta daɗewa a kasuwa, amma wadda aka cuɗanya da gaskiya takan yi shekaru tana cin mutane. Abin da ya kamata ɗan uwa ya riƙa tambaya duk sa'ad da aka ce masa wani abu ya yi tsada, ko fili ne ko gida ko hannun jari, shi ne da wane ma'auni aka auna tsadar, kuma kuɗin wa ke tura farashin sama.

A ɗauki wancan wanen da ake ta kafa hujja da shi a matsayin misali, a yi masa lissafi. A ce ya sayi filinsa naira miliyan 2 a farkon 2023. A lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a hannun 'yan canji kuwa, irin na Wapa, tana wajen 750. In aka bi farashin 'yan canji, wanda shi ne talaka ya sani, kuɗinsa sun kai dala 2,600 da 'yan kai. Ya sayar miliyan 4 a ƙarshen 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,600 a wannan kasuwa. Miliyan 4 ɗin nan ba su cika dala 2,500 ba. To ina ribar? Ga la'adar dillali da ya biya sau biyu, ga kuɗin mai unguwa da na shaidu. In kuma an ce a bar zancen dala tun da ba Amurka zai je ba, to a auna da siminti, tun da dai burin mai fili ya yi gini. Buhun da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama cikin Fabrairun 2024. Bawan Allah ya fita da kuɗin buhu 400 ya dawo da kuɗin buhu 400, ana ta yi masa barka da arziki.

Abin da ya faru shi ne an rage mudu. Kowa ya san halin ma'aunin da ba ya tsoron Allah, wanda ke bubbuge gindin kwanonsa ya shige ciki. Buhun da a da yake ba da kwano 40 sai ya koma yana ba da 45, alhali ko ƙwaya guda ba ta ƙaru a cikinsa ba. Naira ita ce mudun da ake auna dukiyar kowa da shi a ƙasar nan, kuma an shafe shekaru kusan 40 ana bubbuge gindinta.

Samarin yau ba su riski lokacin ba, amma iyayensu sun riska. A 1980 naira guda tana sayen abin da ya kusa dala 2. Takardar naira 20 mai hoton Murtala, wadda aka fitar a 1977, ita ce mafi girma a lokacin, kuma ta haura dala 25. A 1986 gwamnatin soja ta Babangida ta rungumi shirin SAP bisa tsarin asusun IMF da Bankin Duniya, bayan an gama yi wa jama'a wasa da hankali cewa an ƙi karɓar bashin asusun. A Satumbar shekarar aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, nan take dala ta koma wajen naira 4. A zamanin Abacha aka ɗaure farashin gwamnati a naira 22, alhali a kasuwa ana sayar da ita sama da 80, wanda duk ke da uwa a gindin murhu ya karɓa a 22 ya juya ya sayar a 80, ya zama attajiri ba tare da ya yi gumi ba. Hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995. A 2015 dala tana dab da naira 200 a hukumance. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya shelanta cewa tallafin mai ya tafi, a tsakiyar Yuni kuma Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta da kanta. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta wuce 1,500 a hukumance. Takardar naira 1,000 da aka fitar a 2005 tana daidai da sama da dala 7, a 2024 ba ta kai dala guda ba. Kwabo da sisi da sule kuwa sai dai a karin magana.

Almajirin da ya zauna gaban malami ya karanta babin zakka yana da makamin fahimtar wannan fiye da wasu masu digiri, in da zai yi amfani da shi. Shari'a ba ta ɗaure nisabi da takarda ba, ta ɗaure shi da zinare da azurfa: dinari 20, wato wajen giram 85 na zinare. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Kowane saurayi mai niyyar aure ya lura cewa duk sanarwar da hukumomin zakka suka fitar, adadin nairar rubu'in dinari sai ya ɗara na baya. Shin dinarin ne ya yi ƙiba? Nauyinsa na nan yadda yake tun zamanin magabata. Ita ma dalar da ake ta rububi ba tsira ta yi ba, sai dai ciwonta bai kai na naira ba. Har zuwa 1971 gwamnatin Amurka tana lissafin oza guda na zinare a dala 35, sannan shugaba Nixon ya yanke igiyar da ta haɗa dala da zinare. A Oktoban 2025 oza guda ya haura dala 4,000.

Adalci dai shi ne a faɗa cewa wancan mai fili ya fi maƙwabcinsa da ya ajiye miliyan 2 ɗinsa a banki ko a ƙarƙashin katifa. Shi wannan ya tashi da rabin abin da ya ajiye, ɓarawon da ya sace rabin kuma ba a ganinsa balle a kai shi gaban alƙali. Saboda haka fili laima ne, yana tare ruwa gwargwado. Kuma akwai filayen da suke tashi tashi na haƙiƙa, inda titi ya ratsa, ko aka kafa kasuwa ko jami'a, ko gari ya tumbatsa ya cim musu. Jama'a na ƙaruwa, rashin tsaro ya koro dubban mutanen karkara zuwa birane, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Wannan buƙata ce ta gaske. Amma a ce kowane fili a kowane daji haka yake, wannan zancen mai neman la'ada ne.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: kuɗin wa ke tura farashin? A nan dole a leƙa Amurka, domin babu inda aka yi imani da cewa gida ba ya faɗuwa kamar can, kuma babu inda wannan imani ya yi ɓarna irin wadda ya yi a can.

A Amurka mafi yawan masu sayen gida ba da kuɗi hannu suke saye ba. Banki ne ke biya, a jinginar masa da gidan, mutum ya yi shekara 30 yana biyan uwar kuɗi da kuɗin ruwa. Ma'ana farashin gida ya rataya ne a kan sauƙin samun bashi. Daga farkon 2001 zuwa tsakiyar 2003 babban bankin ƙasar ya sauke kuɗin ruwansa daga kashi 6.5 zuwa kashi 1. Bashi ya yi araha, masu saye suka yi yawa, gidaje suka fara hawa. Da bankuna suka gama da masu hali sai suka juya kan marasa hali, waɗanda a da ko ƙofar banki ba a bari su tsaya, da yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. Aka riƙa ba su bashi ba tare da an tsananta binciken abin da suke samu ba, da wani irin tarko: shekara biyu na farko ruwan kaɗan ne, daga nan sai ya yi tsalle. In mutum ya nuna tsoro sai a ce masa kada ya damu, kafin lokacin gidan ya ƙara kuɗi, sai ya sake cin wani bashin a kansa ya biya na farko.

Mai karatu zai ce, to shi bankin mahaukaci ne da zai ba wanda ya san ba zai iya biya ba? A nan makircin jari-hujja yake. Bankin da ya ba da bashin ba ya riƙe shi. Sayar da shi yake yi ga manyan gidajen kuɗi na New York, su kuma su tattara dubban basussuka, nagari da ruɓaɓɓu, su ɗaure su dami guda, su yayyanka su zuwa takardu, kamfanonin da ke auna ingancin bashi su buga musu hatimin lamba ɗaya, a sayar wa asusun 'yan fansho da bankunan Turai da na Asiya. Kowa a layin ya yanki ladansa ya miƙa wa na gaba. Bashi ake sayarwa da bashi, wanda malaman fiƙihu suka daɗe da yin magana a kansa, ga kuma kuɗin ruwa da ƙarshen Suratul Baƙara ya yi wa kashedi mafi tsanani. Duk ginin nan kuma a kan tubali guda ya tsaya, cewa gobe gida zai fi yau tsada.

Daga 2004 zuwa tsakiyar 2006 babban bankin ya mayar da kuɗin ruwa kashi 5.25. Sababbin masu saye suka ja baya, farashi ya tsaya a 2006, sannan ya fara gangarowa. Waɗanda ruwan bashinsu ya yi tsalle suka kasa biya, suka kuma kasa sayarwa, domin bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan. Bankuna suka ƙwace gidaje suka zuba a kasuwa, yawansu ya ƙara karya farashi, karyewar ta jefa wasu cikin ramin. Ranar 15 ga Satumbar 2008 bankin Lehman Brothers, mai shekara sama da 150 a duniya, ya durƙushe da bashin da ya haura dala biliyan 600. Kafin ƙura ta lafa farashin gidaje a faɗin ƙasar ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin iyalai sun rasa matsuguni, rashin aikin yi ya kai kashi 10 a Oktoban 2009. Majalisa kuwa ta amince da dala biliyan 700 don ceto gidajen kuɗin da suka haƙa ramin. Mai gida ya kwana a mota, mai banki ya karɓi ladan ƙarshen shekara.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne, ina ruwan Bakano da shi. A daidai wannan lokaci ana irin wannan rawa a nan gida, sai dai a nan hannun jari ne a tsakiyar fage. A 2004 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005. Don tara kuɗin sai suka fito kasuwa suna sayar da hannun jari, talla a rediyo da talabijin da jikin motoci. Malaman makaranta, 'yan fansho, 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari, har da matan aure masu kuɗin adashi, kowa ya cike fom. Farashi ya riƙa ninkawa cikin watanni. Sannan bankuna suka shiga ba mutane bashi don su sayi hannun jari, wani lokaci ma hannun jarin bankin da ya ba da bashin. Wato banki ya ranta maka kuɗi ka sayi shi kansa, farashinsa ya hau, ya nuna wa duniya cewa ya ƙasaita.

Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya kai ƙololuwa, maki 66,371, darajar kasuwar kuma ta haura naira tiriliyan 12. Daga nan aka fara gangara. Turawan da suka kawo kuɗinsu suka kwashe suka gudu don su toshe ɓarakar gida. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yulin 2008 ta faɗo ƙasa da dala 40 a Disamba. Shekara guda bayan ƙololuwar, ma'aunin ya dawo wajen maki 20,000, darajar kasuwar ta koma ƙasa da tiriliyan 5. Wanda ya saya da kuɗinsa ya yi asarar kashi biyu cikin uku ya haƙura. Wanda ya saya da bashi kuwa, takardun sun zama na ƙunshe ƙosai, bashin na nan daram, ruwa na hawa kansa kowane wata. Ranar 14 ga Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5 ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya aka ƙara biliyan 200 ga wasu. A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukan. A nan ma dai banki aka ceta.

Ga kuma abin da ya kamata a yi wa dogon tunani. Ma'aunin kasuwar bai sake taka matsayinsa na Maris 2008 ba sai a ƙarshen Agustan 2023, bayan shekara 15. Jaridu suka buga cewa an kafa tarihi. Amma a 2008 dala tana wajen naira 117, a Agustan 2023 kuwa ta haura 750. Dattijon da ya jira shekara 15 ya ga lambarsa ta dawo, abin da lambar ke saye bai kai kashi ɗaya cikin biyar na da ba, in aka cire ɗan rabon ribar da kamfanoni suka riƙa biyansa. Tambayoyin nan biyu ke nan sun haɗu a kan mutum guda: bashi ya kumbura farashin da ya saya, ragin mudu ya cinye abin da ya saura.

Japan ta ga irin nata. Filaye da hannun jari suka yi tashin gwauron zabi a ƙarshen shekarun 1980, ma'aunin kasuwar Tokyo ya kai 38,915 a Disambar 1989, bai sake ganin wurin ba sai Fabrairun 2024, filaye kuma suka shafe fiye da shekara 10 suna sauka. Na ƙasar Sin ya fi kusa da abin da ake gani a nan. Can kamfanoni ke karɓar kuɗin mutane tun gidan yana kan takarda, su yi amfani da kuɗin su kama wani filin su sake tallata wasu gidajen. Kamfanin Evergrande ya tara bashin da ya haura dala biliyan 300 a haka, ya kasa biya a 2021, kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a karkasa shi a Janairun 2024. Dubban iyalai suka wayi gari suna biyan banki bashin benen da ko taga ba a sa masa ba. Duk wanda ya ga tallan rukunin gidaje a wayarsa, da hoton ginin da kwamfuta ta zana da alkawarin "biya kaɗan-kaɗan," alhali wurin har yanzu gonar dawa ce, to ya tuna da wannan, ya kuma tuna abin da ya karanta game da cinikin garari.

Shin irin faɗuwar Amurka za ta iya aukuwa ga gidajen Kano ko Kaduna? Da wuya ta zo da wannan siffa, dalilin kuma ba na alfahari ba ne. A nan bashin sayen gida kusan babu shi. Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, na bankunan kasuwa kuma sama yake da haka, wa zai ɗauki wannan na shekara 20? Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi 2.5 na albashin ma'aikata ana zubawa, amma a tambayi ma'aikatan nawa ne suka ga gida ta wannan hanya. Talaka da kansa yake gini, bulo 100 bana, 200 baɗi, ya yi shekara 10 kafin ya rufa kwano. Tun da ba bashi ne ya ɗaga farashin ba, babu bankin da zai tilasta a zubar da gidaje rana guda.

To kuɗin wa ne ke turawa? Ba dai na ma'aikaci ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 ya haura dala 80 a lokacin. Na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai kai dala 50 ba. Albashi ya ninka fiye da biyu a takarda, ya ragu kusan rabi a kasuwa. Masu turawa su ne masu gudun naira: 'yan kasuwar da ke tsoron ajiya, 'yan ƙasar da ke aiki a waje suna aiko da dala da riyal, sai kuma waɗanda kowa ya sani, masu neman inda za su binne abin da suka wawura daga baitulmali. Shi ya sa ake ganin manyan gidaje a unguwannin masu hali na Abuja a rufe shekara da shekaru, ba kowa ciki sai maigadi da ƙadangaru, alhali ma'aikatan da ke yi wa birnin hidima suna kwana a Nyanya da Maraba da Suleja. Farashin da irin wannan kuɗi ya ɗaga ba ya bin buƙatar jama'a, yana bin siyasa ne, kuma yakan daskare ranar da siyasar ta juya.

Fili a ƙasar nan yana da nasa salon faɗuwa, wanda ba ya fitowa a bakin dillali. Na farko, dillali zai ce filin ya kai miliyan 6, amma wannan kuɗin baki ne. Ranar da mahaifiya ta kwanta asibiti ana neman kuɗin aiki cikin kwana uku, ranar ake sanin farashin gaskiya, domin masu saye suna jin ƙanshin matsuwa daga nesa. Sai a yi wata shida ba a sami mai tayawa ba, in an samu ya taya rabi. Tumaki ko buhunan masara a Dawanau ana mayar da su kuɗi a yini guda, fili kuwa sai ya ga dama.

Sannan akwai doka. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma gwamna na da ikon soke shi da sunan amfanin jama'a. In an soke, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta tsurar ƙasa ba. Wannan ga mai takardar gwamnati ke nan. Mafi yawan abin da samari ke iya saye kuwa awon igiya ne, gona ce aka yayyanka ba tare da tsarin hukuma ba, shaidarsa takarda guda mai sa hannun mai unguwa. Irinsa ne ake sayar wa mutum uku, irinsa ne magada ke tasowa a kansa bayan shekara 10 su ce wansu ya sayar ba da yawunsu ba, irinsa ne ake wayar gari an shata titi ta tsakiyarsa. Ita ma takardar gwamnatin ba ta hana kuka ba. A Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe shaguna da gine-ginen da aka yi a filayen da gwamnatin da ta gabace ta ta sayar, ciki har da na kewayen filin Idi. Ko wace gwamnati ce ke da gaskiya a cikinsu, ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a wurin ya kwana da dukiya ya tashi da tarin ƙasa. Gonakin da ke yankunan da 'yan bindiga suka addaba a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari kuwa, wa zai ce ba su faɗi ba, alhali mai su ba ya iya taka su?

Gidan haya ma a yi masa lissafi kafin a yi masa waƙa. A ce gida ya ci naira miliyan 30, ana karɓar hayar miliyan ɗaya da rabi a shekara. Kashi 5 ke nan cikin 100, kafin a cire gyaran rufi da yashe masai da watannin da ɗaki ke zama ba kowa. A shekarar da Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, kamar yadda ta faɗa game da Disambar 2024, wannan haya ba ta ko kama ƙafar asarar ba. Shi ya sa masu gidaje ke ta lafta wa 'yan haya ƙari, su kuma 'yan hayar albashinsu bai motsa ba. Ƙarshenta rigima a gaban mai unguwa.

Game da alƙaluman hukuma kuma akwai wani tarko na harshe. A farkon 2025 hukumar ta sake tsarin lissafinta, adadin ya sauko zuwa wajen kashi 24 a wata guda, ya kuma ci gaba da sauka cikin shekarar. Mahukunta suka yi ta shelar cewa hauhawar farashi ta sauka. Saukar hauhawa daban, saukar farashi daban. Motar da ke gudun 120 ta koma 80 ba baya take yi ba, gaba take ci. In hauhawa ta sauko daga 30 zuwa 15, ma'anarsa abin da aka saya 1,000 bara bana 1,150 ne maimakon 1,300.

Wannan matsin ne ke tura samari hannun 'yan damfara, domin wanda ya ga kuɗinsa na narkewa a aljihu yakan kama ko da kaifin takobi ne. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta ce mutum wajen miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Mai ita, Sergei Mavrodi, ya riga ya yi irin wannan a Rasha tun 1994, labarin ba a ɓoye yake ba. Duk da haka a Afrilun 2025 aka sake kwatawa da CBEX, wannan karon da sunan cinikin kuɗin intanet. Tambayar nan ta biyu ita kaɗai ta isa ta tona asirinsu. Kuɗin wa ake biyan na farko da su? Na wanda ya shigo daga baya. Wasu ma har rawani suke naɗa wa abin, su kira shi mudaraba ko musharaka don su kama masu gudun haram, alhali sharaɗin mudaraba na farko shi ne ba a lamunce wa mai jari riba ƙayyadadda, kuma asara in ta zo a kan dukiyarsa take. Wanda ya ce riba tabbas ce kowane wata, ya fita daga babin tun kafin ya shiga.

Ba ana cewa kada saurayi ya sayi fili ba ne. Wanda zai gina ya zauna, ya huta da wulaƙancin haya, ya saya ko da farashin zai tsaya cik shekara 10, domin amfaninsa a zaman yake. Wanda kuma ke da rarar da ba zai buƙace ta nan kusa ba, laimar ta fi tsayuwa a ruwa. Wanda ake jin tsoro a kansa shi ne mai keken ɗinki ko injin markaɗe ko ɗan shagon da ke ciyar da gidansu, a zuga shi ya sayar ya binne kuɗin a daji, ya dawo majalisa yana zaman jiran ninki. Ya kashe abin da ke haihuwa kullum ya sayi abin da ba ya haihuwa. Akwai kuma wasu ƙofofin da a da babu su: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, wasu irinsa sun biyo baya, gwamnatin tarayya kuma ta fara fitar da sukuk a 2017 da naira biliyan 100 don aikin tituna. Su ma a naira ake biyansu, don haka ragin mudu bai ƙyale su ba, sai an ɗora abin da suke bayarwa a kan hauhawar farashin shekarar a ga wanda ya rinjayi wani.

In kuwa an yanke shawarar sayen filin, to kafin a ba da kafin alƙalami a je ofishin filaye da lambar fulotin, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a biya kuɗin bincike a ga sunan wa ke kan fayil, a kuma ga ko wurin yana cikin wani tsarin gwamnati. In gado ne a nemi ganin takardar rabon kotu da sauran magada ido da ido. A je wurin da damina, cikin Agusta, a ga inda ruwa ke kwanciya. A tambayi maƙwabta nawa aka sayar da na kusa da shi, kuɗin da aka ƙirga a hannu, a kuma tambaye su wata nawa ya yi a kasuwa kafin a sami mai saye.